Tambaya da Amsa: Baƙo, Ɗan Hanya da Abin Hannu

Wasiƙun wannan watan sun taru a wuri guda: yadda mutum zai taimaki wanda bai sani ba, a lokacin da kuɗi ke zubewa, yarda kuma ta yi wuya. Mun zaɓi shida, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Shagona yana bakin tashar mota. Kusan kullum sai wani ya tsaya ya ce an yanke masa aljihu ko guzuri ya ƙare, yana neman kuɗin mota. Na taɓa ba wani, bayan kwana biyu na tarar da shi yana ba wani irin labarin. Zuciyata ta fara bushewa, amma ina tsoron in kori mai gaskiya. — Mai shago, Funtuwa

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Mutumin da kake tsoron kora yana da suna a Alƙur'ani. Shi ne ibnus sabil, ɗan hanya, na ƙarshe cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware wa zakka. Malaman Malikiyya sun gindaya masa sharuɗɗa: ya zama baƙo ne a garin, yana bukatar abin da zai kai shi gida, tafiyarsa ba ta saɓon Allah ba ce, kuma in mawadaci ne a garinsu, ya zama bai sami mai ranta masa ba. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara abu biyu da suka dace da tasharku. Ana gaskata shi ba sai ya kawo shaidu ba. Amma in ya karɓa ya zauna bai tafi ba, ana karɓe abin da aka ba shi, sai fa in dama matalauci ne.

Ka ga ke nan tafiyar ake biya wa, ba aljihun ba. To kai ma tafiyar za ka biya.

Ka fara da tambaya cikin sakin fuska: wane gari, wace unguwa, wace mota yake hawa, nawa ake biya? Wanda ya fito daga gari ya san waɗannan ba tare da inda-inda ba. Sai ka miƙa masa wayarka ya kira wani nasa. A nan yawancin lamarin ke warwarewa, domin sau da yawa ɗan'uwan zai turo kuɗin ta asusunka, kai kuma ka ba shi a hannu, ba ka yi asarar ko kwabo ba. Sai dai kada ka yarda da hoton rasit ko saƙon tes. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna tukuna. Wanda ya ce duk duniya ba shi da lambar kowa a ka, ba lallai maƙaryaci ba ne, amma ka ƙara lura.

In babu mai turowa, ka tafi da shi ko ka haɗa shi da yaron shago zuwa wurin ɗan kamasho, a biya a can. Ga inda ake yin kuskure: mayaudari yakan shiga motar ya zauna, kana juya baya ya sauko ya ce ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa. Maganin shi ne ka gaya wa ɗan kamasho a gabansa cewa in ya fasa, kuɗin shagonka za su dawo. Ka kuma yi wa shugabannin tashar magana. Sukan sa direba ya rage wa wanda ya maƙale, wani lokaci ma a ɗauke shi kyauta. Ka haɗa masa da burodi da ruwa, da ɗan canjin da zai hau acaɓa in ya sauka.

Don kada zuciya ta bushe gaba ɗaya, ka yanka abin da za ka iya a wata ka sa a gwangwani daban da kuɗin ciniki. In ya ƙare, ya ƙare. Ka ce “Allah ya ba da haƙuri” da murya mai daɗi, tun da Suratud Duha ta hana kyarar mai roƙo. Abin da ke cikin gwangwanin nan ya zama sadaka, ba zakka ba. Hadisin Buhari da Muslim ya kawo labarin mutumin da sadakarsa ta faɗa hannun ɓarawo bai sani ba, aka ce masa an karɓa. Zakka kuwa, a Malikiyya, in ka raba da kanka ta faɗa hannun wanda bai cancanta ba, ka kuma kasa karɓo ta, ba ta isar maka ba. Ka tanade ta don wanda ka tabbatar.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar gida mai zaure da shagon baƙi. Tun muna yara ɗakin nan ba ya rabo da fatake da masu jiran gari ya waye. Ƙannena sun ce a rufe saboda halin tsaro, ni kuma ina ganin kamar za mu yanke wa tsoho sadakarsa. — Magidanci, Talatar Mafara

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Kai da ƙannenka duk kuna da gaskiya, kuma al'adar da kake son rayawa tun asali ba ta ce a buɗe ƙofa ido rufe ba. Masu cewa “baƙonka annabinka” su ne dai suka ce baƙon da babu sallama mugu ne. A da, baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba, zango kuma yana da sarkinsa. Wannan ɓangaren ne aka yi sakaci da shi, shi za ku dawo da shi.

Ku ajiye littafi a zaure: suna, garin da aka fito, inda za a, lambar waya, da wanda ya turo shi. A ga katin zaɓe ko na ɗan ƙasa, a ɗauki hotonsa da waya. Kafin sallar isha'i a aika wa mai unguwa cewa akwai baƙo. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan, hasali ma shi ake karewa, don in wani abu ya ɓace a unguwa a daren, baƙo ake fara nunawa. Ƙofar shagon ta buɗe waje ko cikin zaure. In akwai wadda ke ɓullawa cikin gida, a toshe ta. Babba ne zai kai abinci, ba a aiken yarinya ko ƙaramin yaro.

Abin da ya fi jefa masu gida cikin masifa ba kwanan ba ne, ajiya ce. Baƙo ya bar buhu ɗaure ko babur ya ce zai dawo, daga baya jami'an tsaro su zo su tarar da kayan sata ko ƙwaya ko makami a gidanka. Kada a karɓi ajiyar da ba a kwance ta gaban shaidu biyu an rubuta abin da ke ciki ba, babur kuwa sai da takardunsa. Mace ita kaɗai a kai ta wurin iyalin liman ko na mai unguwa. Yaron da ya ɓata a sanar da 'yan sanda ko Hisba a ranar.

Batun kwanaki, hadisi ya yanke: kwana ɗaya da yini na karramawa ta musamman, liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Ku faɗi wannan tun daren farko, ya fi sauƙi a kan a zo rana ta biyar ana ɗaure fuska. Kayan ɗaki ba su da yawa: tabarma biyu, gidan sauro, buta, tocila, da bargo a hunturu. Kada a sa kaskon gawayi a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta wari, tana kashe mai barci.

Sai dai fa ɗakin yanzu gado ne. Ba ka da ikon mayar da shi na baƙi sai kowane magaji baligi ya yarda, rabon maraya kuwa ba a kyauta da shi. In sun ƙi, ka nemi a sa shagon cikin kasonka ko ka biya su.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 nake tunanin ko kuɗi ne suka ɓata zumunci. Kakana yana cewa a zamaninsu mutum yakan je Gwanja ya dawo ba tare da ya biya kuɗin masauki ba. Shin al'umma za ta iya rayuwa ba kuɗi? — Ɗalibi, Zariya

Amsa: Ɗana, kakanka bai yi ƙarya ba, amma bai ba ka labarin duka ba.

Ƙasar Hausa ta daɗe da kuɗi. Kalmar ma kanta jam'in “wuri” ce, wurin kuma daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya, ana ƙulla 20,000 a keso guda. Daga baya 'yan kasuwar Turai suka yi ta jibgo wani wurin mai araha daga Zanzibar har darajarsa ta faɗi, ta kai ga kuɗin ɗaukar wuri zuwa gari mai nisa yana cinye wani kaso mai tsoka na wurin. Turawan mulki suka hana shigo da shi, suka ce haraji sai da sulalla. Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun wayi gari a Janairun 1994 an raba darajar sefa biyu. Kowane irin kuɗi ka ɗauka, yarjejeniya ce, kuma masu iko sukan sauya ta ba su tambayi mai tallan ƙosai ba. Haka aka yi da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Maris na 2023.

Ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ma yana nan, bai mutu ba. Ayarin raƙuman Azbinawa kan ɗauki gero ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya dawo da kantun gishiri da dabino. Amma wannan yana yiwuwa ne don kowane ɓangare yana bukatar ainihin abin da ke hannun ɗayan. Gwada biyan kuɗin makaranta da damin dawa ka gani.

Yanzu ga sirrin tafiyar kakanka. Bafatake in ya isa Salaga ta Gwanja ko zangon Kumasi, gidan fatoma, wato mai masaukin fatake, yake sauka. Ba ya biyan kuɗin ɗaki, ana kawo masa tuwo, ana adana masa kaya. Amma fatoma ne ke nemo masa mai saye, yana cin la'ada. A Sabo ta Ibadan an ga wannan tsari a cinikin shanu: mai shanu ya zo daga Arewa bai san kowa ba, dillalan mai gidansa su sayar wa mahauta bashi, in mahauci ya gudu mai gida ne zai biya daga aljihunsa. Abin da mai gida ke ba baƙo a zahiri shi ne sunansa. Baƙon da ba wanda zai yarda da shi ya ari mutuncin ɗan gari ya yi ciniki da shi.

Akwai abin da kuɗi ke yi wanda ya sa ka ji kamar sun ɓata zumunci: suna gama magana. Ka ɗauki ɗan ƙwadago ya yi maka noma, ka biya shi da yamma, shi ke nan, ba ka bin sa ba ya bin ka. Gayya kuwa ba ta ƙarewa. Ka dafa tuwo, ka dama fura, samari su nome maka gona, ran da aka kira gayyar wani kai ma dole ka fita. Biki ma haka: mace ta kawo wa ƙawarta gudummawa, ran nata bikin a mayar mata da ƙari, da gangan ake ƙin barin lissafin ya daidaita don kada igiyar ta tsinke. In aka mayar da komai na biya-in-biya, kowa ya sallami kowa, ran da takardar kuɗi ta ɓace a gari sai a ga ba wanda ke bin wani da alheri. A 2023 waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu suna a littafin bashin mai shagon unguwa.

Amma kada ka yi saurin tsine wa masu gidan rana. Gayya ta 'yan gari ce, biki na ƙawaye ne, littafin bashi na wanda aka san ƙofar gidansa ne. Baƙo ba ya cikin ko ɗaya. Shi kuɗi ne gatansa, don mai naira a aljihu ba a tambayar sa waye ubansa kafin a sayar masa da shinkafa. Garin da ba kuɗi sai sanayya, baƙo da ɗan gudun hijira ne za su fara kwana da yunwa. Saboda haka amsarmu ita ce a'a, ba za a iya ba, ba ma fata ba ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin fatoma: mutumin da zai kai sabon zuwa wurin mai shago ko sarkin kasuwa ya ce “na tsaya masa.” Wannan ko ɗalibi yana iya yi wa sabon ɗalibi a wurin mai abinci.

Tambaya: Mu mata goma sha biyu ne a islamiyya, muna son mu riƙa dafa abincin buɗa-baki na mutum ɗari a bakin asibiti da tasha, mu kuma sa randar ruwa. Yaya za mu auna, kuma me za mu kiyaye? — Uwargida, Maraɗi

Amsa: Hajiya, Allah ya karɓa. Ku fara da lissafin wata, ba na rana ba, don yawancin masu irin wannan niyya sukan cika tukunya a goman farko, kafin goman ƙarshe murhu ya mutu.

Babba ɗaya yana ƙoshi da ɗanyar shinkafa giram 150. Mutum ɗari ke nan kilo 15, kimanin kwano shida in kwanonku irin wanda arba'in ke cika buhun masara ne. Kwana talatin kilo 450, wato buhu tara masu kilo 50. In garau-garau za ku yi, kilo 10 na shinkafa da 5 na wake ya fi riƙe ciki, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Mai kuwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Kunu, in kowa zai sami kofi guda, ku nufi lita 30, gero kwano ɗaya da rabi zai kai. Ku sa itace ko gas, mazubi da kuɗin mai kai kaya cikin lissafi tun farko, su ne ke cinye kuɗi ba a lura ba. In abin da kuka tara na mutum sittin ne, ku dafa na sittin har sallah.

Ku tsara girki ya sauka kusa da la'asar sakaliya. Dafaffiyar shinkafa in ta wuce awa biyu a ajiye cikin zafin nan, ba ta kan wuta ba ta cikin kula, tana iya ɓata ciki ko da ba ta yi tsami ba, ku kuwa majinyata da masu jinya za ku ba. Kada a ƙulle abinci mai tururi a farar leda tun azahar. A kai shi a kula, a zuba a wurin. Wanda ya kwana ba a haɗa shi da sabo.

Randa kuma, matsalarta moɗa ce. Kowa ya sha ya mayar, hannu ya shiga ruwan, da haka amai da gudawa ke yaɗuwa. Ku sa bokiti mai famfo da murfi, ko ludayi mai dogon hannu na ɗiba kawai, kofin sha daban. In ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a sa maganin tsabtace ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a kwalinsa, a jira rabin awa. A wanke mazubin kullum, a kuma san mace ɗaya da aikin ke wuyanta kowace rana, don randar kowa-da-kowa ita ce ke bushewa.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne turereniya. A Maris na 2024 an rasa rayuka a Bauchi wurin rabon zakka, a Disamban shekarar kuma yara 35 suka mutu a Ibadan wurin wani taron rabon kyauta, aka sake samun irinsa a Abuja da Okija cikin mako guda. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an yi shela, jama'a sun ninka kayan, ƙofa kuma ɗaya ce. Kada ku sanar a rediyo ko a waya. A asibiti ku nemi izini, ku ba ma'aikatan ɗaki su ƙirga muku masu jinya, a bi su gado-gado. A tasha ku raba wuri biyu ko uku, layin mata daban, a zaunar da mutane a bi su da abinci maimakon su taso. Ba a watsa kuɗi ko leda cikin taro.

Tambaya: Ana yawan turo hoton mara lafiya a Facebook da WhatsApp da lambar asusu. In tura ko in share? — Ma'aikaciyar jinya, Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa, ke ma kin san hoto ba ya tsufa a waya; wani majinyacin ya warke ko ya rasu shekara biyu ana cin kuɗi da hotonsa. Ki duba abu uku: sunan asibiti da ɗakin da yake kwance, sunan da ke kan asusun da dangantakarsa da mara lafiya, da jimillar da ake nema da ranar rufewa. Roƙon da ba shi da adadi ba ya cika. In garinku ne, ki je ko ki aika; in nesa ne, a biya a asusun asibitin ko kantin magani da lambar katinsa, a karɓi rasit. Kada ki tura wa wasu saƙon da ba ki tantance ba, domin sunanki za su gani su bayar.

Masu ɗaukar hoton mabukaci yana karɓa kuwa, su karanta aya ta 264 da ta 271 na Suratul Baƙara. In masu bayarwa na son shaida, hoton rasit ya wadatar.

Tambaya: Mu 'yan kasuwa ne, mun tara naira miliyan ɗaya muna son mu riƙa ranta wa mutanen da rikici ya koro daga ƙauyukansu jari ba ruwa. Ba mu san su ba, ba su da jingina. Ta ina za mu fara? — Sakataren ƙungiya, Sakkwato

Amsa: Malam Sakatare, abin da kuke shirin yi yana da gurbi a fiƙihu. Malikiyya sun halatta a yi waƙafin kuɗi don a riƙa rantawa ana mayarwa. Sharaɗin da ake yawan tuntuɓe da shi shi ne hauzi: dukiyar ta fita daga hannun mai bayarwa ta koma hannun mai kula tun yana da rai da lafiya, bashi bai cinye shi ba. Wanda ya ce “na ba da” amma kuɗin suna cikin cinikinsa har ya rasu, sun koma gado. Don haka ku rubuta takarda da shaidu, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku.

Ku ranta kaɗan, na ɗan lokaci. Mutum 20, kowa 50,000, a biya 2,500 duk mako har mako 20. Kowane mako 50,000 za su dawo, wato sabon mutum ɗaya zai samu duk mako. Biyan mako-mako ranar kasuwa ya fi na dunƙule a ƙarshe, don matsala tana bayyana tun tana ƙarama. Inda zai yiwu ku ba da kaya maimakon kuɗi: buhun gawayi, kaskon suya da mai, baro. Wanda ya zo ba abinci a gida, jari zai ci, kuma ba laifinsa ba ne. Irin wannan a fara ba shi sadakar hatsi na mako biyu kafin a yi zancen rance.

Madadin jingina, ku haɗa su biyar-biyar 'yan ƙauye ɗaya, su suka san junansu. Biyu su fara karɓa, in sun yi wata suna biya a ba sauran. Kowane rukuni kuma ya sami mutum ɗaya cikinku da zai tsaya masa, ya nema musu wurin kasa kaya, ya gabatar da su ga sarkin kasuwa. A rubuta kowane bashi kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta umarta, mai karɓa ya riƙe kati, ku riƙe littafi.

Ba ƙari, ba tarar jinkiri, ba “ɗan goro” da aka sharɗanta. Kuɗin littafi da na zirga-zirga ku biya daga wani karo-karo daban. Wanda ya gaza da gaske a saurara masa, aya ta 280 ta faɗa. Ba ya halatta ku yafe masa bashin ku lissafa shi a zakkarku, amma wani na iya ba shi zakka a matsayin wanda bashi ya danne, ya zo ya biya.

Babban ɓarawon asusun nan ba mai cin bashi ba ne, tsadar kaya ce. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. A irin wannan shekara ko kowa ya biya cif, miliyan ɗinku abin da 750,000 ke saya a da kawai zai saya. Ku sa wa kanku ƙarin zubi duk shekara, bayan sallah ko da kaka. Kuna kuma iya mayar da wani kaso hatsi, irin bankunan hatsin ƙauyukan Nijar: a saya da kaka, a ranta da damina, a mayar kwano da kwano iri ɗaya ba ƙari. Hatsin ya bushe ƙayau kafin a zuba, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, wake kuwa a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ga matan da suka saba kiwo, ku ari dabarar habbanaye ta Fulani: a ba mace akuya, in ta haihu ta yaye ta riƙe 'ya'yan, uwar ta wuce gidan ta gaba. A yi wa akuyar rigakafi kafin a miƙa, a kuma rubuta tun farko wa zai ɗauki asara in ta mutu ba da sakaci ba. Mu dai shawararmu asusu ya ɗauka, a kawo fatar ko shaidu biyu, a sake saya mata wata in kuɗi sun zagayo.